Hoton Ɗan Fari

Ta bayan unguwar Kurmin Mashi Rabe ya shiga kamfanin kwano, ta inda ruwan sama ya kayar da katanga. Hantsi ne, hadari na haɗuwa daga gabas, kyamara na rataye a wuyansa. Ya ji labarin an sayar wa 'yan gwangwan da injinan, ba da jimawa ba za su zo da wutar yankan ƙarfe su yi musu gunduwa-gunduwa. Shi ya sa ya rufe shagonsa na hoto da ke Hayin Banki ya hau babur ya taho. Tun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu kamfanoni suka shiga mutuwa ɗaya bayan ɗaya, Rabe ya ɗora wa kansa aikin da ba wanda ya sa shi: duk wurin da aka rufe aka watsar, sai ya je ya ɗauki hotonsa kafin a rushe. Abokansa dariya suke yi masa. Wa zai rataye hoton kango a ɗakinsa? Shi kuwa amsarsa ɗaya ce, in ba a ɗauka ba, gobe za a rantse cewa wurin bai taɓa wanzuwa ba.

Wannan kamfanin kuma ba kamar sauran yake a wurinsa ba. A nan yayansa Sanda ya yi aiki, shi ne mai kula da babban injin da ke buga samira da fanteka. Ranar da aka sallami ma'aikata aka garƙame ƙofa, kowa ya koma gida da baƙin cikinsa. Sanda shi bai yarda an rufe ba. Ya ci gaba da sammako yana sa shuɗin kayan aikinsa, yana zuwa bakin ƙofa yana jiran a busa jiniya. Daga nan ya daina barci. Daga nan ya fara amsa wa mutanen da ba wanda ke ganinsu. Aka kai shi wani ɗan asibitin masu taɓin hankali da ke bayan gari, ya fara samun sauƙi, sai shi ma asibitin aka rufe. Rabe ya ɗauki hoton wannan ma: gadajen ƙarfe babu katifa, zobban ƙarfe a binne cikin siminti, da wani bango inda wani bawan Allah ya kankare fenti da farcensa har ya zana ƙofa, da mariƙinta da komai.

Da asibitin ya mutu, mahaifinsu Alhaji Maliki, wanda babban ma'aikacin gwamnati ne, ya kai Sanda gidan ƙanwarsa Gwaggo Kande a Unguwar Kanawa, aka ba shi ɗakin baya. Ga mutanen ofis da na masallaci kuwa labari ɗaya ne: babban ɗan Alhaji yana Fatakwal yana aikin mai. Ƙaryar ba ta ba Alhaji wahala ba, domin al'ada ta riga ta share masa hanya. Sanda ɗan fari ne, uba kuwa ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zancensa cikin mutane, ba ya nuna ya damu da shi. Tun Rabe yana ƙarami bai taɓa jin sunan nan daga bakin mahaifinsu ba. “Yayanku” ne, ko “wancan yaron”. Kunya ce, kowa kuma yana yabawa. Sai dai kunyar da ake yabawa da kunyar da ake ɓoyewa sun shiga riga ɗaya, har shi kansa Alhajin ya daina gane wace ce wace.

Rabe ya ɗauki hoton rumbun ajiya da rufinsa ya rufta. Ya ɗauki tulin kwanukan da ba a gama shafa wa fenti ba, ciyawa ta tsiro a cikinsu. Yana juyawa wajen babban zauren injina sai ya tsaya. Ƙofar zauren ta yi tsatsa, amma sarƙar da ke jikinta sabuwa ce, kwaɗon ma sabo ne, yana ƙyalli. Sai kuma ya ji tari daga ciki. Wani ya yi dariya, wata ta soma waƙa ta katse.

Ya jawo wata tsohuwar ganga ya hau, ya leƙa ta tagar da gilashinta ya fashe.

Mutane ne birjik a ƙasa, tsakanin injina. Waɗansu a kwance, waɗansu a tsugune, wani yana zagayawa yana ƙirga ginshiƙai da hannu. Warin da ya bugi hancinsa ya sa ya kusa faɗowa. Ya gane matar nan mai tara gwangwanaye da ke zama a mahaɗar Kawo. Ya gane dattijon da ke ba motoci hannu a bakin kasuwa ba wanda ya sa shi. Nan take ya fahimci abin da ya faru. Ranar Asabar wani babban baƙo zai zo daga Legas. An kafa kwamitin gyaran gari, an shafa wa duwatsun bakin titi farar ƙasa, an ɗebe teburan masu ƙosai. Kwanan nan ya lura tituna sun yi wani irin fayau, bai tambayi kansa dalili ba. Ashe nan aka tara su. Haka muke a garin nan: abin da za a iya shafa wa farar ƙasa a shafa masa, wanda ba za a iya ba a kulle shi. Sakataren kwamitin kuwa ba kowa ba ne illa Alhaji Maliki.

Ya ɗaga kyamara. Ya ɗauki ɗaya, ya ɗauki biyu. Yana juya gilashin don ya kamo babban injin da ke tsakiya, sai ga mutum a tsaye a gefensa, cikin shuɗin kaya da ya koɗe, yana goge ƙarfen da tsumma a hankali, kamar mai wanke jariri.

Yatsansa ya danna da kansa kafin bakinsa ya buɗe.

“Yaya! Yaya Sanda!”

Sanda ya ɗago kai ya dubi tagar. Leɓensa ya bushe ya tsattsage. “Rabe, ba a shigo da baƙi lokacin aiki,” in ji shi. Ya koma gugarsa.

Sai Rabe ya ji an damƙi ƙafar wandonsa an fizgo. Ya dira ƙasa da gwiwa, ya rungume kyamara a ƙirji. Wani ƙato ne a kansa, da kulki da hular kwamiti mai ruwan ganye.

“Kai, ɓarawon ƙarfe ne ko ɗan leƙen asiri?”

“Mai hoto ne ni. Malam, don Allah buɗe ƙofar nan. Yayana na ciki.”

“Kowa da ke ciki yayan wani ne. Ni Tanko gadi aka sa ni, ba rabon 'yan'uwa ba.”

“Ai ba a titi yake kwana ba, yana da gida. Ƙofar kamfanin nan kawai yake zuwa da safe. Ɗan Alhaji Maliki ne, sakatarenku.”

Tanko ya dube shi sama da ƙasa, sai ya fashe da dariya har yana dukan cinya da kulki.

“Samari, in za ka yi ƙarya ka nemi wadda ba ta da shaida. Babban ɗan Sakatare yana Fatakwal yana aikin mai. A gabana ya faɗa wa Ciyaman ɗin kwamiti. Ko akwai Fatakwal a Kurmin Mashi ban sani ba?” Ya miƙo hannu. “Ba ni abin da ka ɗauka.”

Rabe ya dubi hular da ke kansa. Ya san irin su Tanko, kullum suna zuwa shagonsa ranar sallah.

“Ƙarafa kawai na ɗauka, me zai amfane ka? Amma hular nan ta zauna maka. Ka taɓa yin hoto da ita?”

Tanko ya shafa hular. Ya waiga hagu da dama. “Da kulkin?”

“Da kulkin. Tsaya nan, haske ya fi. Ɗaga haɓa. Yawwa, kamar soja. To su waɗannan har yaushe za ku riƙe su?”

“Riƙo ya ƙare,” in ji Tanko, haɓarsa a sama, bakinsa kaɗai ke motsi. “An ce wai baƙon zai biyo ta nan ya ga kamfanin, ko za a farfaɗo da shi. Ciyaman ya ce kafin la'asar ɗin yau babbar mota za ta kwashe su.”

“Zuwa ina?”

“Daji, can hanyar Birnin Gwari. A sauke su inda ba za su gane hanyar dawowa ba. Ka ɗauka?”

“Na ɗauka. In mutum yana da nasa a ciki fa?”

“Sai ubansa ya zo da ƙafarsa gaban Ciyaman. Ciyaman ɗin da kansa zai tsaya a kan lodin. Yaushe zan karɓi hoton?”

Rabe ya riga ya kai bakin katanga.

Ya san mahaifinsa. In ya je masa da baki kawai, zai ce ido ne ya yi masa gizo, zai ce a bari sai an koma gida. Don haka bai nufi wurinsa ba, shago ya nufa. Ya jefar da babur a ƙofa, ya shige ɗakin duhu ya ja labule. Wankin fim ba ya jin magiya. Dole ya zauna cikin ruwan magani iya lokacinsa, in an yi gaggawa a rasa duka. Rabe ya tsaya cikin duhu yana girgiza gwangwanin, yana jin tsawa daga nesa, yana ganin leɓen Sanda. Yaushe rabonsu da ruwa? Ya shanya fim ɗin gaban fanka, ya riƙa taɓa gefensa kamar mai jiran tuwo ya huce. Aka kira azahar a masallacin layinsu, ya yi sallah a nan cikin shago, bai san me ya karanta ba. Da ya tsoma takardar hoton cikin faranti, injin ne ya fara bayyana, baƙi ƙirin. Sai hannu da tsumma. Sai fuskar. Ba mai ganin fuskar nan ya ce ba jinin Alhaji Maliki ba ne. Goshin ɗaya, hancin ɗaya.

Bai jira ya bushe ba. Ya zura sabon fim a kyamara, ya riƙe hoton ta gefe da yatsu biyu ya hau babur.

A bakin titin Kawo aka kafa rumfar tarbar baƙo. Ana ɗaura tutoci, ana jera kujeru, wani yana ta faɗa da masu fenti. Alhaji Maliki na tsaye cikin farar shadda yana nuna inda za a shimfiɗa darduma. Rabe ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce yana da magana. Suka koma bayan rumfar. Ya miƙa masa hoton.

Alhaji ya daɗe yana kallo. Fuskarsa ba ta motsa ba.

“Na sani,” in ji shi a hankali. “Gwaggonku ta aiko mini tun shekaranjiya cewa wancan yaron bai koma gida ba. Na yi zargin haka.”

“Ka sani, Baba? Ka sani ka bar shi a wurin nan?”

“Rage murya. Ajiye su kawai aka yi har baƙo ya wuce. Ranar Lahadi zan sa a fito da shi, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ku yaran zamani komai sai kun yi masa ganga.”

“Babu Lahadi. Kafin la'asar mota za ta kwashe su zuwa dajin Birnin Gwari. Mai gadin ne ya faɗa mini.”

A nan fuskar ta motsa. Alhaji ya dubi sama, ya dubi agogon hannunsa.

“Ba haka muka tsara a zama ba.”

“Haka Ciyaman ya tsara bayan zama.”

“To zan aika direbana ya yi wa mai gadin magana a gefe.”

“Ya ce masa wa za a fitar? Ɗan wa? Na faɗa masa ɗanka ne ya yi mini dariya, ya ce a gabansa ka ce yana Fatakwal. Ƙaryar da muka gina ce ta zama kwaɗon ƙofar nan, Baba. Sun ce sai uba ya je da ƙafarsa gaban Ciyaman.”

“Ni kake ce wa maƙaryaci?”

“Mu duka. Har da ni da nake yin shiru in an tambaye ni.”

Sai ga Malam Haruna, abokin aikin Alhaji, ya zagayo bayan rumfar yana goge gumi.

“Sakatare, masu tutoci na nemanka. A'a, Rabe ne? Mai hoto sarkin yawo! Ina labarin mutumin Fatakwal? Ya manta da mu, ko kifi bai aiko mana ba.”

Alhaji ya kifa hoton a ƙirjinsa. Rabe ya zuba masa ido. Ga dama ta zo har gida, kalma ɗaya ce.

“Yana nan lafiya,” in ji Alhaji. “Ka san aikin nasu ba hutu.”

Malam Haruna ya yi dariya ya wuce. Da Alhaji ya ɗaga hoton daga ƙirjinsa, danshin ya bar tabo mai kusurwa huɗu a kan farar shaddar.

Rabe ya miƙe tsaye. Bai taɓa yi wa mahaifinsa magana a tsaye ido cikin ido ba.

“Baba, ni na koma can. In motar nan ta tashi da shi, wallahi zan wanke hoton nan ya kai girman ƙofa, in kafa shi a bakin shagona, duk mai wucewa in faɗa masa sunansa da sunan ubansa. Kai kunya ta hana ka kira. Ni ba ɗan farina ba ne.”

“Rabe!”

Bai waiwaya ba. Har ya kai kwanar Kurmin Mashi yana duba madubin babur, babu farar Fijon mahaifinsa a bayansa.

Ta babbar ƙofa ya shiga wannan karon, domin a buɗe take. Saboda hadarin, motar ta riga lokacinta zuwa. Babbar mota ce ta ɗaukar shanu, mai katako a gefe, an juyo da bayanta bakin zauren. Masu koren hula sun yi layi biyu suna tura mutane sama. Matar nan ta Kawo tana kuka tana cewa a bar ta ta ɗauki gwangwanayenta. Gefe guda, ƙarƙashin lema da wani ya riƙe masa, Ciyaman Alhaji Ɗanasabe na tsaye ya toshe hanci da hankici.

Rabe ya durƙusa a gabansa cikin taɓo.

“Ranka ya daɗe, ni ɗan Alhaji Maliki ne. Yayana na cikin mutanen nan.”

“Na gane ka. Wane yayan naka?”

“Babban. Sanda.”

Ciyaman ya sauke hankicin. “Yaro, ni da ubanka rana ɗaya muka kama aiki. Ɗansa na Fatakwal. Ko kun yi faɗa ne kake neman zubar masa da mutunci a gaban ma'aikata? Tashi ka ba ni wuri.”

“Ka dubi fuskarsa kawai, ranka ya daɗe. Dubawa kawai.”

“Na ce tashi.”

Daga cikin zauren aka ji hayaniya. Mutum biyu ne suka fito da Sanda, Tanko na tura shi ta baya. Ya riƙe tsummansa gam, yana tirjiya.

“Ban tashi ba tukuna! Ba a busa ba! In na bar shi zai yi zafi!”

Rabe ya yi kansu. Wani ya tare shi da kulki a ƙirji, wani ya murɗe masa hannu ta baya. Yana ji yana gani aka ɗaga Sanda aka jefa cikin motar. Sanda ya rarrafa can ƙurya ya zauna, ya juya wa kowa baya, ya kifa kai a gwiwa. Aka ɗaga ƙyauren baya aka zura sakata ɗaya. Direba ya tayar da inji. Yayyafi ya fara sauka.

“Ku jira!” Rabe ke ihu. “Ubansa na zuwa!” Shi kansa bai san ko gaskiya yake faɗa ba.

“Mu je, kafin hanya ta ɓaci,” in ji Ciyaman.

Motar ta ja da ƙyar cikin taɓo ta nufi ƙofa. A daidai bakin ƙofar farar Fijo ta shigo ta tsaya a tsakiya, ba hanyar wucewa. Direban babbar motar ya danna ƙaho. Alhaji Maliki ya fito. Bai tattare shaddarsa ba, haka ya tako cikin taɓon, hoton na hannunsa.

“Yawwa, Sakatare,” in ji Ciyaman. “Gara da ka zo. Zo ka ji abin da yaronka ke faɗa a kanka.”

Alhaji ya gaishe shi kamar yadda aka saba. Ya yi gyaran murya. 

“Ranka ya daɗe, akwai wani a cikinsu... ɗan gidanmu ne.”

Ciyaman ya dube shi, ya dubi tabon da ke ƙirjin rigarsa. Tsohon ɗan boko ne, ya san yadda ake buɗe wa aboki ƙofar baya.

“Ɗan gidanku. Wato irin yaran da ake riƙo. To ai ba komai, Maliki, ka bari a gama hidimar nan, sai a aika a nemo maka shi. Yanzu in na buɗe motar nan duk za su watse.”

Rabe ya zuba ido. Ya ga leɓen mahaifinsa na motsi ba sauti. Ya ga yadda ya kalli ƙofar da aka buɗe masa, ya ga kuma yana son shiga.

Alhaji ya juya ya taka zuwa bayan motar. Ya kama katakon ya leƙa.

“Kai,” ya ce. “Kai, sauko.”

Kawuna da yawa suka juyo. A motar nan kowa sunansa kai. Dattijon mai ba motoci hannu har ya miƙe yana murmushi. Mai shuɗin kaya bai motsa ba.

“Kai, wancan yaron. Da kai nake.”

Ruwa ya fara ƙarfi, yana buga rufin kwanon zauren.

“Sakatare, ruwa zai tare mu,” in ji Ciyaman, haƙurinsa ya soma ƙarewa. “In ka san shi, kira shi da sunansa. In ya amsa ka tafi da abinka. In bai amsa ba ka janye mini motarka.”

Alhaji ya riƙe katakon da hannu biyu. Hoton ya faɗi cikin taɓo bai kula ba. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa ko Rabe da ke kusa bai ji shi sosai ba, kamar mai ɗanɗana magani. Sai ya ja numfashi.

“Sanda!”

Muryar ta fashe a tsakiya. Ta bugi bangon zauren ta dawo.

Mai shuɗin kaya ya ɗaga kai. Ya juyo a hankali, yana neman inda sautin ya fito.

“Wa ya kira ni?”

“Ni ne. Ubanka ne.”

Sanda ya ƙura masa ido ta tsakanin katako. Ya girgiza kai.

“Baba ba ya kiran sunana.”

Wani daga cikin masu koren hula ya sunkuyar da kai. Wanda ya murɗe hannun Rabe ya sassauta riƙon ba tare da ya sani ba.

“Yau na kira,” in ji Alhaji. Ruwa na bin fuskarsa yana ɗiga daga gemu. “Sanda. Sanda, ɗana. Sauko, an tashi aiki.”

“An busa?”

“An busa. Kai ne ba ka ji ba.”

Sanda ya naɗe tsummansa ya sa a aljihu. Ya miƙe, ya tsallake ƙafafun mutane yana ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Tanko da kansa ya zare sakatar, idonsa a ƙasa. Alhaji ya miƙa hannu ya sauko da shi, ya kuma ƙi sakin hannun.

Ciyaman ya matso ƙarƙashin lemarsa, ya dubi goshin uban, ya dubi na ɗan.

“Ashe dai Fatakwal a bayan Kurmin Mashi take, Sakatare.”

“A nan take, ranka ya daɗe,” in ji Alhaji. “Tun da daɗewa.”

Aka mayar da sakata. Rabe ya fizge hannunsa.

“Sauran fa? Su ba 'ya'yan kowa ba ne?”

 Alhaji ya ce wa Ciyaman ba haka aka tsara a zama ba. Ciyaman ya ce sai ya kawo ƙorafinsa zama na gaba, yanzu dai a janye Fijo. Direban Alhaji ya dubi maigidansa, ya dubi masu kulki, ya ja da baya.

Rabe ya cire kyamara daga cikin rigarsa inda ya ɓoye ta daga ruwa. Ya taka tayar motar ya ɗare gefen katako, ya fara ɗauka. Matar Kawo. Dattijon kasuwa, wanda ya gyara tsayuwa ya ƙame. Wani saurayi mai tabo a kunci. Wata tsohuwa da ta rufe fuska, ya roƙe ta ta buɗe.

“Ku karɓe abin nan!” in ji Ciyaman.

Masu hula biyu suka yo kansa.

“Ku bar shi,” in ji Alhaji Maliki, da wata murya da ba su san shi da ita ba. “Shi ma ɗana ne.”

Suka tsaya suna kallon Ciyaman. Ciyaman ya kalli ruwan sama, ya yi tsaki, ya shige motarsa. Rabe ya ci gaba da ɗauka motar na tafiya, har fim ya ƙare, sannan ya diro a bakin titi.

Ba Unguwar Kanawa aka mayar da Sanda ba. Alhaji ya zauna tare da shi a kujerar baya, ya ce wa direba gida. Rabe ya bi su a babur cikin ruwa, yana hango kawuna biyu ta gilashin baya, ɗaya da hula ɗaya babu.

Ranar Asabar baƙo ya zo ya wuce, bai ma bi ta kamfanin ba. A ranar Rabe ya ɗaura igiya a bakin shagonsa ya jera fuskokin, kowace da maƙalinta, yana faɗa wa duk mai wucewa hanyar da motar ta bi da su. Masu wucewa suna kallo suna kau da kai. Wajen hantsi wani dattijo mai tsabtatacciyar riga ya tsaya gaban hoton matar Kawo, ya daɗe bai motsa ba.

“Baba, ka san ta ne?” in ji Rabe.

“A'a,” in ji dattijon, ya wuce da sauri.

Kafin azahar ya dawo. Bai dubi Rabe ba, hoton yake kallo.

“Ɗan nan,” ya ce, “wace hanya ka ce motar ta bi?”